Audu Ya Hau Kuka

Ranar Litinin ce, ta farko bayan ƙaramar Sallah, shekara huɗu da gama yaƙin basasa, ana tafka ruwa a Anaca kamar ba za a daina ba. Muna zaune a kan tabarma a cikin wani tsohon sito da ke bayan garejin manyan motoci, mu 'yan rabin aji, yaran unguwar Hausawa waɗanda hannunmu bai kai ya zagaya kai ya taɓo kunne ba, don haka firamare ta ce mu jira baɗi. Kwanon rufin yana yoyo a kusurwa, an tara masa bokiti, warin busasshen kifin da aka taɓa ajiyewa a wurin bai gama fita daga bango ba. Malama Rifkatu ta ɗauki alli ta rubuta layi ɗaya, muka bi haruffan da ƙyar har muka haɗa su: Audu ya hau kuka. Sai ta tafa hannu, ta faɗi abin da take faɗa kullum: "Ku rufe ido. Me kuka gani?"

Na rufe ido, kuma na gani sarai. Ban ɗaga hannu ba, don ni tun ina ƙarama jiran a kira ni yana ba ni haushi. Na ce na ga Audu, ɗan yaro mai tumbi da wando ba zariya, ya lallaɓa rumfar Babana a kasuwar Ose, ya taka buhun albasa ya haye buhun kuka, buhun ya yage, koren garin ya tashi ya shige masa hanci, yana ta atishawa, ga Baba ya biyo shi da tsintsiya. Ajin ya kwashe da dariya, irin dariyar waɗanda suka ga abu tare da kai, don kusan dukkanmu kukar da muka sani ke nan, wadda ake aunawa a gwangwani a kaɗa miya. Malama ma ta yi murmushi, ta buɗe baki za ta yi magana. Sai wata dariya ta shigo ta taga, ta babban mutum, gajeruwa, ba daɗi a cikinta.

Baffa Sale ne, yayan Babana. Ya sauka daga ƙauyenmu na bayan Rano da motar albasa kwana biyu kafin nan, ruwa ya tare shi a hanyarsa ta zuwa gareji, ya raɓe a jikin sitonmu. Ya leƙo kansa da hularsa a jiƙe, ya tambayi Malama ko wannan mai bakin ita ce Hauwa ta ƙanensa. Ta ce ita ce. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya girgiza kai, ya ja lemarsa ya wuce.

Ya kamata in faɗi yadda muka samu kanmu a can. Baba ya fara zuwa Anaca yana saurayi, yana dako da awo a rumfar wani mai albasa, har ya samu tasa. Da rikici ya tashi ya gudu gida tare da sauran Hausawa, a can ya yi aure, a can aka haife ni. Ana gama yaƙi bai jira kowa ya ba shi shawara ba, ya kwaso Inna da ni ina goye, ya dawo. Saboda haka ƙauyen da ake ce mini garinmu ne, ban san ko ƙofar gidanmu ba. Abin da na tashi na gani shi ne gidaje marasa rufi da ciyawa ta fito ta tagoginsu, da bango mai ramukan harsashi inda muke cusa yatsa, kuma a gefensu ana ta ɗora sabon bulo. Kuɗin fetur sun fara shigowa. Kowane mako sai an ga sabuwar mota a gareji da rubutu a goshinta, samari suna yawo da rediyo a kafaɗa, matan unguwa suna gardamar leshi. Albasa da tattasai ba sa kwana a rumfa. Ba wanda yake maganar abin da ya wuce a gaban yara, kowa ya sa kai a ciniki kamar ana korarsa.

Gidan haya muke, dogon gida mai ɗakuna suna kallon juna, mu Hausawa a ɗakunan gaba, a baya kuma Mama Nkechi mai tuyar ƙosai da 'ya'yanta. Aikina da safe in jera bokitai a layin famfo in tsaya in kare mana wuri, kuma ba a taɓa ture mini bokiti na yi shiru ba. Da yamma in zauna a soro in ware ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau, har hannuna ya yi warin da sabulu ba ya fitarwa. In an gama mu fita tsakar gida mu yi 'yar gala-gala da carafke, 'ya'yan Mama Nkechi su koya mana wasansu na tafi da tsalle. A wasa buroka muke yi, in faɗa ya kaure in yi zagi da Ibo, in na shigo ɗaki in koma Hausa. Ban taɓa jin cewa yare uku nake yi ba. Kuma in aka aike ni kai wa Baba abinci a Ose, sai na saci hanya na gangara bakin kogi na tsaya kallon gada, doguwar gadar ƙarfen nan da aka karya lokacin yaƙi aka gyara, motoci suna bi ta kanta a jere kamar tururuwa. A duniya ba abin da na sani kamar gadar nan.

Malama Rifkatu 'yar kudancin Zariya ce, Kirista, mijinta bakanike ne a garejin. 'Yan kasuwar unguwa ne suka haɗu suka ɗauke ta ta riƙe musu ƙananan yara da safe, kafin a tafi makarantar allo da la'asar. Littafi ɗaya ne a ajin, nata, wanda ta taho da shi daga Arewa, an naɗe bangonsa da takardar siminti. Tun da ba za ta iya nuna wa kowa hoton ciki ba, sai ta daina nunawa sam, ta ce mu yi namu. In mun karanta "Binta ta sayi nama", sai ta tambaya wane irin nama ne, ɗanye ne ko tsire, a ganye aka ƙunshe ko a takarda, Binta tana murna ko aiken dole aka yi mata. Wani ya ce kare yana binta a baya, Malama ta ce to, a bar karen, sai dai in an nuna mata inda layin ya hana kare. Takan ce mana: "In bakinku yana motsi, kanku babu hoto, surutu kuka yi, ba ku karanta komai ba." Wasu iyayen ba su so ba. Sun ce an kawo yara su koyi baƙi, ita kuma tana sa su barci a zaune. A makarantar da ke tsallaken titi kana jin yara suna rera A, B, C kamar za su fasa kwano, kuma wannan shi ne karatu a wurin yawancin mutane. Ni dai a ajinta na fara gane cewa waɗannan 'yan ƙugiyoyin da ke jikin allo ƙofa ce.

A ranar da yamma ina soro ina warar albasa, Baba da Baffa suna zaune a benci a ƙofar gida, na ji komai. Baffa ya ce ya zo ya tarar da abin kunya: 'yar Bahaushe, jikar manomi, ba ta san kuka bishiya ba ce, ta ɗauka a buhu take tsirowa. Ya ce ya ji ni da kunnensa ina zagin wani yaro da yaren da shi bai san kansa ba, kuma na gaishe shi a tsaye. In aka bar ni shekara biyu nan gaba sai an nemo tafinta tsakanina da dangi. Ya ce motarsu za ta juya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a haɗa mini kayana, zai kai ni wurin yayarsu, Gwaggo Asabe, ta riƙe ni. Na tsaya da albasa a hannu ina jiran in ji abin da Baba zai ce. Baba mutum ne da zai yi awa guda yana ciniki da direba a kan buhu ɗaya bai sassauta ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Yaya."

Wanda bai san mu ba zai ce iyayena ba su damu da ni ba. Ni 'yar fari ce. A al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle ta buɗe baki ta ce kada a ɗauke shi. Inna ba ta taɓa ce mini Hauwa ba, "ke" nake, in magana ta kama a gaban baƙi in zama "waccan". Kuma ɗan fari dama na dangi ne, in yaya ya ce a ba shi, ƙane ba shi da ta cewa. Washegari Inna ta wanke 'yan kayana, ta shanya, ta ninke a cikin akwatin ƙarfe, fuskarta kamar ba abin da ya faru. Tana fita na zazzage su na cusa ƙarƙashin gado. Ta dawo ta yi mini dundu, ta sake ninkewa. Na sake zazzagewa. Haka muka yi ta yi, sai dai na lura dundun yana raguwa ƙarfi.

A aji kuwa na ƙi rufe ido. Kowa ya rufe, ni na buɗe nawa tar a kan Malama. Da aka tashi ta riƙe ni, ta tambayi dalili. Na gaya mata kai tsaye cewa rufe idonta ne ya ja mini, da na yi ta rera baƙi kamar 'yan tsallaken titi da ba wanda ya san abin da ke kaina, yanzu ga shi za a kai ni ƙauye saboda na ga abin da ba daidai ba. Ba ta rarrashe ni ba, kuma na gode mata da hakan. Ta koma allo ta sake rubuta layin jiya, ta ƙara wani a ƙarƙashinsa: Ya zauna a kan reshe. Ta sa na karanta, ta tambaye ni ko buhun Babana yana da reshe. Na ce ba shi da shi. Ta ce to yanzu ya zan yi da Audu? Sai na ji buhun yana motsi a kaina, yana son ya zama wani abu, amma ban san me zai zama ba.

"Hoton farko ba laifi ba ne," in ji ta. "Ki riƙe shi har layi na biyu ya ce ki canja. In kuma ba ki da abin da za ki canja da shi, ki je ki tambayi wanda ya taɓa gani."

Daga baya na ji ta bi Baba har rumfa ta yi masa magana a kaina. Ya yi mata godiya, ya cika mata kwando da albasa, ya ce magana ta riga ta wuce hannunsa. Baƙuwa ba ta shiga tsakanin wa da ƙane, ita ma ta sani.

Na dawo gida na tarar da Inna tana tankaɗe a tsakar gida, ƙanena a bayanta, Mama Nkechi tana wanke wake a gefe. Na tsaya a kan Inna na ce ta gaya mini yadda kuka take. Ba ta dube ni ba. Can sai ta juya wurin Mama Nkechi, wadda Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa da ciniki ba, ta fara ba ta labari kamar ita ta tambaya. Ta ce a gonar babanta akwai wata kuka da in mutum ya ɓuya a bayanta da jakinsa ba a ganinsu. Jikinta toka-toka ne, sumul, mai ninki kamar wuyan tsohuwa. Rassanta duk a can sama suke, gajeru, a murɗe, in rani ya yi ta zubar da ganye sai ka ce an tuge ta an dasa ta da saiwa a sama. 'Ya'yanta suna reto kamar ɓeraye da aka rataye ta wutsiya, in an fasa akwai farin gari mai tsami da suke tsotsa har haƙori ya mutu. Akwai kogo a cikinta da zuma ke zama. Ganyen ne ake tsinkowa a shanya a inuwa a daka, shi ne abin da ke buhu. Ta ce a gindinta take ajiye abincin da take kai wa gona, a nan take zama ta huta kafin ta juyo. Mama Nkechi tana ta gyaɗa kai tana "eh-hen", ba abin da ta fahimta. Ni kuwa ina jingine da bango, ido a rufe, bishiya tana tashi a kaina reshe bayan reshe. Ban taɓa jin Inna ta yi doguwar magana haka ba, kuma na san ba da Mama Nkechi take ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar, gobe tafiya, na ɗauki ɗan allona da guntun alli na fita ƙofar gida inda Baba da Baffa suke zaune. Wannan karon na durƙusa har ƙasa na gaishe su, na ce Baffa ina wuni, ina gajiya, ya mutanen gida. Sannan na ce na san kuka yanzu. Na rufe ido na zayyana masa ita tun daga saiwa har kogon zuma, ban bar ko ɓera ɗaya ba. Da na buɗe ido ina jiran ya ce an fasa tafiya, sai na ga yana sakace. Ya ce wa Baba yarinyar tana da kai, amma wannan kukar uwarta ce, aku ma in an faɗa masa zai maimaita. Gobe in na je zan ga ta gaske.

Nan wani abu ya taso mini. Baffa ya yi ajin yaƙi da jahilci a ƙauye, yana karanta boko a hankali da yatsa, kuma yana alfahari da hakan. Na durƙusa na rubuta layi a allona da manyan haruffa karkatattu, abin da na fi sani a duniya, don in ga ko shi zai iya ganin nawa kamar yadda na ga nasa. Na rubuta: Audu ya ga gada. Na miƙa masa na ce, "Baffa, karanta, ka rufe ido, ka gaya mini me ka gani."

Baba ya daka mini tsawa, amma Baffa ya ɗaga masa hannu, abin ya ba shi dariya. Ya bi haruffan da yatsa, ya karanta a fili. Sai dai da ya zo kalmar ƙarshe ya faɗe ta da wata murya daban, ya sauke farkonta ya ja ƙarshenta, yadda ban taɓa ji ba. Ya rufe ido yana murmushi, ya ce ai ga ta nan, 'yar ƙarama, ja-ja, ta shigo gonar wake da sassafe, ta ɗaga kunnuwa, ta hango Audu ta zura da gudu, ko kare ba zai kamo ta ba.

Na miƙe tsaye. Na ce wace irin gada ce mai kunne? Gada ta ƙarfe ce, tana kan kogi, motoci suna bi ta kanta, shi kansa ta kanta motarsu ta biyo da albasa. Ya ce gada dabba ce ta daji, kowane yaro ya sani. Na ce ni ban sani ba, shi ma bai ga tawa ba, ga shi har ya taka ta. Sannan na faɗi maganar da har ya rasu ana ba da labarinta a gidanmu: "To Baffa, kai ma sai a bar ka a nan a kai ka wurin Malama." Daga cikin soro na ji faranti ya faɗi a hannun Inna.

A takarda kalmar ɗaya ce, harafi huɗu, ba abin da ya raba su. Murya ce ke rabawa, murya kuwa mai karatu ne ke zuwa da ita daga gidansu. Wannan sai da na girma na iya faɗarsa. A lokacin jira kawai nake in ji saukar mari. Da bai sauka ba na waiwaya wurin Baba, sai na ga shi ma idonsa a rufe yake, kuma bai buɗe ba da ya fara magana.

"Ni tawa gadar da mutane a kanta," in ji shi. "Kowa da kaya a ka, ba mai waiwaye. Ta kanta na bi na tafi, daga ni sai rigar jikina. Da na dawo ita na fara gani, an yi mata gyara." Ya buɗe ido, amma ƙasa ya kalla. "Yaya, a yi mini haƙuri a bar yarinyar nan. In ba ta san kuka ba laifina ne, ni zan kai ta ta gani."

Ban taɓa jin Baba ya ambaci tafiyar nan ba kafin ranar, ban kuma sake ji ba. Baffa ya daɗe yana juya allona a hannu. Shi ne ya tarbi Baba a tasha a waccan shekarar, ya san yadda ya iso. Can ya miƙo mini allon, ya gyara zaman hularsa, ya ce dama shi ma yana ta tunani, wa zai ɗauki wannan bakin ya kai wa Yaya Asabe, tsohuwa tana zaman lafiyarta? A bar ta a nan ta ƙare da Inyamuran da suka koya mata.

Da na shiga ciki Inna ta murɗe mini kunne har sai da na ga wuta, don na ce wa babba ya rufe ido. Bayan magariba ta kankare ƙanzon shinkafa, wanda ita ke ci kullum ba ta ba kowa, ta tura mini a kwano ba ta dube ni ba. Da safe na tarar da kayana a kan igiya inda suke zama, akwatin ya koma ƙarƙashin gado. Motar ta tashi bayan Juma'a da garewanin manja da buhunan da ba komai a ciki. Na tsaya a bakin gareji har ta fita, don in tabbata.

Zuwan Baffa na gaba ya taho mini da ɗan kuka guda, da gashin jikinsa da igiyarsa, ya jefo mini a cinya ya ce, "Ga ɓeran uwarki." Na kai aji, Malama ta sa kowa ya shafa ya kaɗa a kunne, sannan ta fasa a bakin ƙofa muka tsotsa muna yamutsa fuska. Baba kuma ya cika alkawari, ko da yake sai da na shiga sakandare. A hanya, bayan mun wuce Lafiya, ya taɓa ni ya nuna mini wata kuka ta taga. Na duba na ce wannan ce? Wallahi tawa ta fi ta girma. Gada mai kunne kuwa har yau ban ga mai rai ba, sai wadda mafarauta ke ɗagawa a bakin titi.

Yanzu ni ke riƙe da ajin ƙanana a wata makaranta a Abakpa Nike, a Inugu, inda aure ya kawo ni. Kowane yaro da littafinsa mai hoto kala-kala, a gida ga talabijin ga bidiyo, okada ke sauke su a ƙofa. Mai makarantar yana so a ji muryarsu daga titi, iyaye suna so yaro ya dawo gida yana rera Turanci ko da bai san abin da yake faɗa ba. An kira ni ofis a kan cewa ajina ya cika shiru. Na ce in suna son hayaniya kasuwa tana kusa. Ina sa su kife littafin, mu karanta layi a allo, in tafa hannu in yi musu tambayar Malama Rifkatu. Da farko sukan ce ba su ga komai ba, duhu ne. Sai an yi makonni kafin wani ya ce ya ga wani abu, kuma sau da yawa abin ba shi ne marubucin ya nufa ba. Ba na dariya, ba na kuma barin wani ya yi daga taga. Ina rubuta layi na biyu in jira.

An rushe siton nan tuni, an yi shaguna a wurin. Malama ta koma garinsu da mijinta, ban san ko tana raye ba, kuma ban taɓa gaya mata yadda aka ƙare a ƙofar gida ba, don a lokacin gani nake ni kaɗai na yi aikina. Wani lokaci in ruwa yana dukan kwanon ajina, yara sun rufe ido sun yi tsit, sai in ji warin kifin nan da sanyin tabarma. Har yau in na ci karo da kalmar kuka a takarda, buhun nake fara gani kafin bishiyar, kuma ba ni da niyyar gyara wannan.